Ƙwayoyin nano da gubar ƙarafa a gona: me suke iya yi, kuma ina iyakarsu?

A watan Afrilun 2025 mujallar kimiyya ta Science ta wallafa wani bincike da Deyi Hou na Jami'ar Tsinghua da ke ƙasar Sin ya jagoranta. Masanan sun tattara sakamakon gwajin ƙasa daga wurare kusan 800,000 a faɗin duniya, suka ƙiyasta cewa kashi 14 zuwa 17 cikin 100 na ƙasar noma na ɗauke da aƙalla ƙarfe ɗaya mai guba fiye da ƙima. Sun kuma ce mutum miliyan 900 zuwa biliyan 1.4 ne ke zaune a yankunan da haɗarin ya fi yawa.

Duk sa'ad da aka ta da irin wannan magana, sai a ji an ambaci ƙwayoyin nano, wato gutsattsarin sinadarai masu matuƙar ƙanƙanta da ido ba ya gani, a matsayin mafita. An daɗe ɗakunan gwaji a Sin da Indiya da Pakistan da Masar na fitar da rahotanni cewa an fesa wa shinkafa ko alkama ko masara waɗannan ƙwayoyi, shukar ta jure gubar, ta yi kore shar. Mai karatu na iya ɗauka an samo maganin gurɓatacciyar gona. Sai dai kalmar "kariya" a nan abu uku ta ƙunsa: ceton shuka kada ta lalace, hana guba isa ga abin da za a ci, da raba ƙasar kanta da gubar. Daga cakuɗa ukun nan ne yawancin ruɗanin ya samo asali.

Ƙarafan da ake magana a kansu

Masana na kiran su ƙarafa masu nauyi. Waɗanda suka fi damun masu harkar abinci su ne dalma, kadmiyam, kuromiyam, zaiba da asenik, kodayake shi asenik ba cikakken ƙarfe ba ne, illarsa ce ta sa ake jera shi da su. Akwai kuma irin su zinki da jan ƙarfe, waɗanda shuka ke buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsu, amma idan suka yi yawa su ma guba ne.

Bambancinsu da maganin ƙwari shi ne ba sa ruɓewa. Yawancin magungunan feshi rana da ruwa da ƙananan halittun cikin ƙasa na lalata su a hankali. Ƙarfe kuwa sai dai ya sauya siffa ko ya sauya wuri. Kadmiyam idan ya shiga jiki a ƙoda yake taruwa, kuma kafin rabinsa ya fita sai an yi shekara 10 zuwa 30. Dalma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba shi da illa. Asenik na jawo ciwon dajin fata da huhu da mafitsara idan an daɗe ana sha ko ci. Kuromiyam kuwa fuska biyu gare shi: nau'i na uku, wanda ake jima da shi, illarsa da sauƙi, nau'i na shida kuma yana bin ruwa cikin hanzari, yana kuma jawo ciwon daji.

Ta ina suke shiga gona

Darasin farko da duniya ta koya daga Japan ya fito. A yankin Toyama, ruwan kogin Jinzu ya ɗebo kadmiyam daga mahaƙar Kamioka ya kai shi gonakin shinkafa. Mutane, galibi mata da suka manyanta, suka riƙa fama da ciwon ƙoda da laushin ƙashi, har aka sa wa cutar suna itai-itai, wato kamar a ce "wayyo, wayyo". A 1968 gwamnatin ƙasar ta amince cewa kadmiyam ne sanadi.

A Bangaladash ba masana'anta ce ta zuba gubar ba. Asenik ɗin a cikin ƙasa yake tun asali, rijiyoyin burtsatse da aka yi ta haƙawa don guje wa cututtukan ruwan tafki su suka fito da shi, aka sha, aka kuma yi ban ruwan shinkafar rani da shi. A Sin, a 2013 hukumomin birnin Guangzhou sun sami kadmiyam fiye da ƙima a wasu samfuran shinkafa da aka kawo daga lardin Hunan, sannan a 2014 wani binciken gwamnati ya nuna cewa kashi 19.4 cikin 100 na wuraren da aka gwada a ƙasar noma sun zarce ma'auni. Wannan ne ya sa Sin ta zama cibiyar binciken da ake magana a kai.

Ƙasar Hausa ma tana da nata kason. A Kano, ruwan da ke fitowa daga unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa, ciki har da na kamfanonin jima, yana gangarawa rafin Getsi da Jakara da kogin Chalawa, kuma a bakin waɗannan ruwaye ake noman latas da alayyafo da kabeji da karas da rani. Masu bincike a jami'o'in yankin sun sha gano kuromiyam da dalma da kadmiyam a ruwan da ƙasar da ganyen. Takin bola da ake kwasa daga birni a kai gona shi ma ba kamar na da ba ne, domin yanzu da matattun batura da tarkacen kayan lantarki a ciki. Hatta takin zamani mai fosfet yakan zo da ɗan kadmiyam daga dutsen da aka yi shi, shi ya sa Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 60 a kowane kilo na fosfet tun daga Yulin 2022.

Yadda shuka ke ruɗewa

Saiwar shuka ba soso ba ce da ke tsotse duk abin da ta taras. A jikinta akwai ƙofofi, kowace da irin abincin da take shigarwa. Matsalar ita ce ƙarafan nan sun yi kama da abincin. Kadmiyam ya yi kama da zinki da manganis, don haka a shinkafa yana bi ta ƙofar manganis da masana ke kira Nramp5. Asenik kuwa, a gonar da ruwa ya kwanta, yakan koma wata siffa mai kama da silikon, sinadarin da shinkafa ke matuƙar buƙata don ƙarfin kara. A 2008 Ma Jian Feng na Jami'ar Okayama da abokan aikinsa suka nuna cewa ta ƙofar silikon yake shiga. Abin da ya sa ke nan shinkafa ta fi alkama da masara tara asenik.

Idan gubar ta shiga, sai ta haddasa wasu sinadarai da ke cin jikin ƙwayoyin halittar shuka kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Saiwa ta daina tsawo, ganye ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa, shuka ta tsumbure.

Mene ne nano

Nano ma'auni ne, ba sunan magani ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma ana kiran abu ƙwayar nano idan girmansa ya kama daga nanomita 1 zuwa 100. Kaurin silin gashin mutum ya kai kusan nanomita 80,000.

Amfanin ƙanƙantar yana ga faɗin fuska. Duk mai girki ta san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙule saurin narkewa, domin ruwa na taɓa ta ta ko'ina. A ɗauki dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe: faɗin fuskarsa murabba'in santimita 6 ne kacal. Idan aka farfasa shi zuwa gutsattsari masu nanomita 10, fuskar za ta kai murabba'in mita 600, wato ta fi fuloti mai ƙafa 50 da 100. A kan wannan fuska ce ƙarfe mai guba ke mannewa.

Waɗanda aka fi gwadawa su ne ƙwayoyin silika (sinadarin da ke ɗauke da silikon), zinki, baƙin ƙarfe, seleniyam, titaniyam da seriyam. Wasu a masana'anta ake haɗa su, wasu kuma da ruwan ganyen itatuwa irin su darbejiya da zogale, hanyar da ɗaliban jami'a suka fi so saboda arha.

Wurare uku da suke aiki

Na farko a cikin ƙasa ne, kafin gubar ta kai ga saiwa. Ƙwayoyin baƙin ƙarfe na kama asenik su riƙe, suna kuma mayar da kuromiyam nau'i na shida zuwa na uku, wanda ba ya yawo. Tun kusan farkon shekarun 2000 ake amfani da su wajen gyaran ruwan ƙarƙashin ƙasa a Amurka da Turai. Akwai kuma ƙwayoyin wani fosfet irin wanda ke cikin ƙashi da haƙori, wanda ke haɗuwa da dalma su zama wani dutse da ba ya narkewa cikin sauƙi.

Na biyu a bakin ƙofar saiwa ne. Shukar da ke jin yunwar zinki ko baƙin ƙarfe takan buɗe ƙofofinta da yawa, kadmiyam ya samu hanya. Idan aka ƙosar da ita, sai ta rage ƙofofin, ɗan abin da ya rage kuma zinkin ya yi gogayya da kadmiyam a kai. Haka silikon ke yi wa asenik.

Na uku a cikin shukar ne. Silika na ƙara kaurin bangon ƙwayoyin halitta, kadmiyam ya maƙale a nan. Seleniyam da silikon na taimaka wa shuka ta kulle gubar a saiwa da gaɓoɓin kara, kada ta hau zuwa ƙwaya. Shi ya sa a shinkafa ake kirdadon lokacin da ta yi ciki zuwa sa'ad da ta fitar da kai a yi feshin, domin a lokacin ne take tura abin da ta tara zuwa zangarniya. Wasu ƙwayoyin kuma ƙarfafa garkuwar shuka suke yi a kan tsatsar da aka ambata.

Duk cikin ukun babu wanda ke fitar da ƙarfen daga gona. Yana nan, an dai ɗaure shi ne ko an tare masa hanya. Idan ƙasa ta ƙara tsami, ko yanayin ruwanta ya sauya, abin da aka ɗaure na iya kwancewa.

Shuka ta warke, mai ci fa?

Nan ne wurin da ya kamata a karanta kowane rahoto da natsuwa. Gwaje-gwaje da yawa abin da suke aunawa shi ne tsawon shuka da nauyinta da koren ganyenta. Waɗannan alamun lafiyar shuka ne, ba na lafiyar abinci ba. Latas ɗin da ya jure kadmiyam ya yi fes zai fi samun kasuwa a kan wanda ya tsumbure, alhali yana iya ɗauke da gubar. An ma sami gwaje-gwajen da wasu ƙwayoyin nano suka ƙara yawan ƙarfen da shuka ke zuƙa, har masu son tsabtace ƙasa da tsirrai suke amfani da su don wannan manufa.

Ko a inda gubar ta ragu, sai an duba ta ragu zuwa nawa. Hukumar Codex, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa don ma'aunin abinci, ta sa iyakar kadmiyam a gyararriyar shinkafa miligiram 0.4 a kowane kilo, asenik kuma 0.2. Sin ta tsaurara nata na kadmiyam zuwa 0.2. A misali, idan gona na ba da shinkafa mai miligiram 1.0, aka yi feshi ya rage rabi, an samu 0.5. A takarda nasara ce babba, a kwano kuwa har yanzu ta zarce ƙima. Don haka feshin ya fi dacewa da gonar da gurɓatarta kaɗan ce ko matsakaiciya.

Abin da ya faru a Zamfara ya nuna wata iyakar. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda fiye da yara 400 suka rasu. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Gubar ba ta saiwar gero ko dawa ta bi ba. Ƙurar dutsen zinare ce da ake niƙawa a cikin gidaje, ta cika tsakar gida da hannayen yara, ta kuma shiga hatsi bayan girbi, wajen sussuka da daka da shanya. Dama dalma ba ta cika hawa zuwa ƙwayar hatsi ba, a saiwa take tsayawa. Maganin da ya yi aiki shi ne kankare ƙasar gidajen a zuba sabuwa, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013. Babu feshin ganyen da zai tare ƙurar da ta sauka a kan abinci.

Masu goyon baya da masu taka-tsantsan

Hujjar masu goyon baya mai ƙarfi ce. Kwashe ƙasar gona a sauya ta na cin kuɗin da ko ƙasashe masu arziki ba sa iya yi wa dubban hektoci, kuma hana manomi noma gonarsa daidai yake da hana shi ci. Feshin ganye ba ya buƙatar komai sai irin famfon goyon da manomi ya saba da shi, adadin da ake sawa kaɗan ne, sannan zinki da seleniyam na iya ƙara wa hatsin amfani a jiki. A kudancin Sin an riga an fita da feshin silikon daga ɗakin gwaji zuwa gonakin shinkafa.

Masu taka-tsantsan ba su musanta cewa ƙwayoyin na aiki ba. Abin da suke cewa shi ne mafi yawan gwaje-gwajen a tukwane ko cikin ruwan gwaji aka yi su, na zango ɗaya, sau da yawa da ƙasar da aka zuba wa guba da gangan, wadda ba ta yin hali irin na ƙasar da ta shekara ashirin tana shan dagwalo. Suna kuma tambayar da me aka kwatanta. An daɗe da sanin cewa zinki da silikon na gama-gari na rage kadmiyam, don haka gwajin adalci shi ne a haɗa na nano da na gama-gari a adadi ɗaya, ba a haɗa shi da shukar da ba a ba komai ba. Wani nazari da Melanie Kah da abokan aikinta suka wallafa a 2018 kan taki da maganin ƙwari na nano ya nuna cewa fifikonsu a kan na gama-gari bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba a tsaka-tsaki.

Sai batun illar ƙwayoyin su kansu. A 2012 masu bincike a Jami'ar California da ke Santa Barbara sun shuka waken soya a ƙasa mai ƙwayoyin nano, suka ga zinki ya taru a ganye da ƙwaya, seriyam kuma idan ya yi yawa yana hana ƙululun saiwa aikinsu na samar da takin naitirojin. Ga yankin da ke dogara da wake da gyaɗa wajen farfaɗo da gona, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Tarayyar Turai ma ta haramta sa titaniyam a abinci a 2022, bayan hukumarta ta kula da abinci ta ce ba za ta iya tabbatar da amincinsa ba, kuma ƙananan ƙwayoyin cikinsa na daga abin da ya jawo shakkun.

Indiya ta ba da misalin abin da kan faru idan talla ta riga hujja. A 2021 kamfanin IFFCO ya fito da Nano Urea, ya ce kwalba mai rabin lita na iya maye gurbin buhun yuriya mai kilo 45. Kwalbar na ɗauke da naitirojin kimanin giram 20, buhun kuwa fiye da kilo 20. Masana a Jami'ar Copenhagen sun ƙalubalanci iƙirarin a 2023, gwaje-gwajen Jami'ar Aikin Gona ta Punjab kuma suka nuna raguwar amfanin gona. Kamfanin na nan kan bakansa. Wannan taki ne, ba maganin gubar ƙarfe ba, amma kalma ɗaya ce a jikin kwalbar.

Tsofaffin hanyoyi ba su kau ba

Farar ƙasa na rage tsamin gona, kadmiyam ya ragu a shuka. Gawayin karmami da takin gargajiya na riƙe ƙarafa. A shinkafa, barin ruwa ya kwanta na rage kadmiyam amma yana ƙara asenik, janye ruwan kuma akasin haka, don haka sai an san wace guba ce a gonar. Japan ta samar da irin shinkafar da ƙofar Nramp5 ɗinsa ba ta aiki, kusan ba ya ɗaukar kadmiyam. A Hunan haɗa su ake yi: iri mai kyau, sarrafa ruwa, farar ƙasa, sannan feshi ya zo a matsayin ƙari.

Manomi da mai cefane

Ga mai lambu a bakin Jakara, muddin ruwan da yake ban ruwa da shi na ci gaba da kawo ƙarfe, duk abin da aka ɗaure bana za a ƙara wani a kansa baɗi. Tare dagwalo daga tushe, wanda ke cikin aikin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da hukumomin muhalli na jihohi, shi ne ke yanke yawan abin da za a yi fama da shi. Zaɓen abin shukawa ma na da tasiri, domin ganye irin su latas da alayyafo sun fi tumatir da masara tara kadmiyam. Mai cefane kuwa, wanke ganye sosai da fere karas na kawar da ƙura da lakar da ke bisa, amma ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga jikin ganyen.

Idan kwalba mai tambarin nano ta iso kasuwar kayan gona, dokar ingancin takin zamani ta Najeriya ta 2019 ta wajabta rajista da bayyana abin da ke ciki. Abin dubawa shi ne wane sinadari ne, nawa ne a ciki, wace guba aka ce yana ragewa, kuma an auna ta a ƙwaya ko ganyen da ake ci. Mai feshi kuma ya rufe hanci da baki, domin abu mai wannan ƙanƙanta na iya kaiwa can cikin huhu.

Ƙasar jigawa da ta mamaye Arewa da kudancin Nijar yashi ce mai ƙarancin taki, ba ta riƙe ƙarfe kamar laka, kuma zinki ya yi mata ƙaranci a wurare da dama. Sakamakon da aka samu a lakar Hunan ba lalle ya maimaitu a nan ba. Amma yankin na da abu ɗaya a yalwace: ɓuntun shinkafa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa silika ne, tokarsa kuwa mafi yawanta silika ce, kuma daga gare ta ake haɗa ƙwayoyin nano na silika a ɗakunan gwaji da dama. Ga shi jibge a bayan injinan casa a Kano da Kebbi da Jigawa. Gwajin da zai amsa tambayar manomin nan shi ne a raba fadama ɗaya gida uku, a zuba wa wani ɓangare tokar ɓuntu yadda take, a fesa wa wani silikar nano da aka tace daga gare ta, a bar na ukun haka, a yi rani uku ko huɗu ana auna ƙarfen da ke cikin ganye da ƙwaya, ana kuma rubuta abin da kowane ɓangare ya ci na kuɗi.